Daƙiƙa Biyu a Kwarin Rhondda

Ranar Asabar kaɗai nake alƙali.
Sauran kwanakin mako, gyaran famfo nake
a gidajen kwarin Rhondda,
inda ramukan gawayi suka rufe baki
tumaki suka gaje tsaunuka.
Fam ashirin ake ba ni da shayi mai madara,
zagin 'yan kallo kuwa kyauta ne.

Yau ga ni a Cardiff gaban alƙalin gaske,
wanda ba ya gudu, ba ya haki,
ruwan sama bai taɓa shiga idonsa
lokacin yanke hukunci ba.

Lauya ya ce, Emrys Probert,
sau nawa turereniyar ta rushe?
Na ce uku.
Ya ce ta huɗun fa?
Na dubi tafin hannuna.

Zari-ruga ba wasan yara ba ne, kowa ya sani.
Ƙarti takwas su dunƙule, takwas su tare su,
kai cikin kai, wuya ƙarƙashin kafaɗa,
taɓo har idon sawu.
Na sahun gaba ya gurɗe gwiwa, aka fitar da shi,
babu gwanin da zai maye gurbinsa.
Sai Iestyn ya ɗaga hannu,
yaro mai ashirin da biyu, siriri kamar sandar tuta,
ya ce, ni zan shiga.
Littafi ya ce in hana turawa.
Kocinsu ya ce maki zai zube.
Yaron ya yi min murmushi da tsinken ciyawa a haƙori.
Na ce to.

Wannan to ɗin ita aka kawo kotu,
an buga ta a takarda, an sa mata lamba.

Saura minti ɗaya a tashi.
Na ga kansa ya yi ƙasa fiye da kima,
usur na bakina,
iska na ƙirjina,
na ce bari ƙwallo ta fita tukuna.
Daƙiƙa biyu.
An yi kwana huɗu ana auna su a kotu
da likitoci da zane a allo,
ni kuwa shekara uku nake kwana a cikinsu.

Lauyana ya ce wanda ya shiga ruwa ya yarda da jiƙewa.
Alƙali ya ce a'a,
wanda ya riƙe usur ya riƙe wuyan mutane,
ko da ladansa shayi ne.
Sakaci, in ji shi. Kamfanin inshora zai biya.
Ya rufe littafi a hankali
kamar mai gudun tada jariri.

A bakin ƙofa uwarsa, Nerys, ta riƙe min hannun riga.
Ta ce, ba ƙinka muke ba, Emrys.
Keken nan kuɗi ne. Mai juya shi cikin dare kuɗi ne.
Doka sai ta sami suna kafin ta buɗe jaka,
naka ne ya fi kusa.

Bayan wata biyu waya ta yi ƙara.
Mazubin wanke hannu ya yi wa keken tsayi,
kuma duk kwarin ni ne mai araha.
Na je. Na durƙusa a banɗakinsu da sifana,
yana bayana yana kallo.
Ya ce, ƙara sauke shi kaɗan.
Na sauke.
Ya ce, ya isa haka, alƙali.

Ban karɓi ko kwabo ba, bai kuma yi godiya ba.
Usur yana nan cikin akwatin aikina
tsakanin kusoshi da tsumma,
wani lokaci in ina laluben ƙaramar sifana
sai in ji sanyinsa a yatsa.